Safar Hannu ta Nutso: Yadda Ake Zaɓen Kauri, Ɗinki da Bakin Safa

Ruwan Gulbin Rima da na madatsar Goronyo ba ya barin mutum ya ga gabansa. Da damina ja ne wur saboda laka, da rani ma in ka sauka 'yan mitoci haske ya ɗauke, sai lalube. Duk mai nutso da tukunyar iska a bayansa, ko ma'aikacin ceto ne mai neman kwale-kwalen da ya kife, ko mai duba ƙofofin dam, da hannu yake gane abin da ke gabansa. Abin da hannun zai fara cin karo da shi kuwa ba mai daɗi ba ne: kututturan itacen da ruwa ya shanye tun lokacin da aka tare shi, ƙayar bagaruwa, tsohuwar koma, igiyar mamari da ƙugiyoyinta, kwano mai tsatsa, fasasshiyar kwalba, ga ƙayar kurungu da ta tarwaɗa.

Saboda haka mai nutso a ƙasar Sakkwato yana sayen safa ne da farko don kada a yanke shi, ɗumi na biye. A Turai abin a juye yake, kuma yawancin shawarwarin da ke yawo a intanet don ruwansu mai sanyi aka rubuta su. Wanda ya bi su ido rufe sai ya ƙare da safa mai kaurin milimita 5 wadda ba zai iya buɗe maƙalli da ita ba. Ƙa'idar da muke bi ita ce a ɗauki mafi siririn safar da za ta bar hannu yana aiki har ƙarshen nutson, sannan a zuba ido kan tafinta, ɗinkinta da bakinta.

Abin da ke cikin niyofirin

Niyofirin roba ce ta haɗi da kamfanin DuPont na Amurka ya samar a 1930. Irin wadda ake yin kayan nutso da ita an busa mata iskar gas lokacin sarrafawa, sai ta cika da ƙananan kumfa, kowanne a rufe shi kaɗai. Soson katifa ramukansa a buɗe suke, shi ya sa yake shan ruwa. Na niyofirin a toshe suke, iskar na nan a kulle. Wannan iskar ce ke tare zafin jiki, domin ruwa yana kwasar zafi daga fata kusan sau 25 fiye da yadda iska ke yi.

Akwai maganar da ake yawan yi wai ruwan da ya shiga cikin safa shi ne ke ɗumama hannu. Ba haka ba ne. Jikinka ne ke ɓata zafinsa wajen ɗumama ruwan. In ruwan kaɗan ne kuma ya tsaya wuri ɗaya, asarar sau ɗaya ce. In kuwa yana shiga yana fita duk sanda ka motsa yatsu, kullum sabon ruwan sanyi kake ɗumamawa. Siririyar safa da ta kama hannu ta fi mai kauri da ke yawo a hannu ɗumi.

Abu na biyu shi ne matsi. Da ma'aunin da ake kira bar ake auna shi. A bakin ruwa matsin iska bar 1 ne, kowane mita 10 na zurfi yana ƙara kusan bar 1. A mita 10 ya zama 2, a mita 20 ya zama 3, a mita 30 ya zama 4. Kumfan nan suna matsewa, safar ta rage kauri, ɗuminta ya ragu, ta kuma saki hannu. Safar da ta ɗan yi maka yawa a kan tudu, a ƙasan ruwa sai ta koma lakaf-lakaf. Bangon Goronyo tsayinsa wajen mita 21 ne, don haka a can da wuya ka wuce bar 3. Bakolori da aka gama a 1978 da Kainji da aka gama a 1968 sun fi shi tsayi nesa ba kusa ba.

Kauri

Zafin ruwan da za a duba shi ne na zurfin da za ka yi aiki, wanda kwamfutar nutso da ake ɗaurawa a hannu kamar agogo ke nunawa, domin ruwan sama da rana ta gasa yana yaudara. A ruwa mai digiri 24 zuwa sama a ma'aunin Salshiyas, safa mai milimita 1.5 zuwa 2 ta isa. Tsakanin digiri 16 da 24, milimita 3. Tsakanin 10 da 16, milimita 5. Ƙasa da 10 sai mai milimita 7, galibi irin mai gida uku, wato babban yatsa gidansa daban, manuniya gidanta daban, sauran ukun a haɗe suna ɗumama juna. Ko kuma a koma busasshiyar safa gaba ɗaya, wato wadda ruwa ba ya shiga cikinta ko kaɗan. Waɗannan iyakoki ba a kan dutse aka rubuta su ba. Siririn mutum, da wanda zai yi awa guda yana tsaye wuri ɗaya yana kwance noti, da mai shiga sau uku a yini, duk su ƙara mataki ɗaya.

A wajenmu wannan na nufin safa biyu: mai milimita 2 ta bazara da damina, da mai milimita 3 ta hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwan dam yana yin sanyi, amma babbar wahalar tana bayan fitowa. Iskar hunturu busasshiya ce, in ta bugi jiƙaƙƙiyar safa ruwan na tashi da sauri yana jan zafin hannu. A cire safar da zarar an hau jirgi, a goge hannu, a sa shi cikin busasshen mayafi. Milimita 5 da 7 na wanda zai tafi horo ko aiki a wuri irin Kef Tawun na Afirka ta Kudu ne, inda ruwan ɓangaren Atilantika kan sauka ƙasa da digiri 14, ko Tekun Arewa ta Turai. A gaɓar Legas da Fatakwal ruwa mai ɗumi ne duk shekara.

In hannu na sanyi duk da safa mai kyau, sau da yawa laifin na riga ne. Jiki in ya ji sanyi yana tsuke jijiyoyin jinin hannu da ƙafa don ya tsare ƙirji. Ƙarin hular nutso ko 'yar shara ta niyofirin a ƙarƙashin riga kan gyara abin da ƙarin kaurin safa ya kasa. Kuma sanyin yatsu ba abin daurewa ba ne: fatar yatsa in ta sauka ƙasa da digiri 15, iya sarrafa ƙananan abubuwa na raguwa, mutum ya kasa danna maɓallin iska ko kwance ɗamarar dalma da ke ba shi nauyin nutsewa. Da ka ji yatsu sun fara mutuwa, ka yi wa abokin nutsonka alama ku hau.

Tafin hannu

A nan gizo ke saƙa ga mai aiki a gulbi da dam. Tsurar niyofirin mai rufin nailan ba ta da juriyar komai. Igiya kaɗai in ka ja ta 'yan kwanaki za ta cinye kan yatsun. Ana ƙarfafa tafin ta hanyoyi daban-daban.

Mafi araha shi ne ɗigo-ɗigon roba da aka buga a tafi. Yana hana santsi, ba ya hana yanka, kuma yana ɓarewa. Sai fatar haɗi da ake kira Amara, mai laushi, wadda ba ta bushewa ta ƙandare bayan ta sha ruwa. Ita ce ta fi barin yatsa ya ji abin da ya taɓa, tana kuma jure gogayyar igiya, amma wajen da aka sa ta babu ɗumi. Ga ruwanmu na bazara safa mai bayan niyofirin milimita 2 da tafin Amara zaɓi ne mai kyau. Fatar gaske, ko da ta jar akuyar Sakkwato ce da duniya ta san ingancinta, ba ta wannan aiki: ruwa na wanke man jima, ta yi santsi a ciki, ta bushe ta tsage a waje.

Sai masu rufin Kevlar ko Dyneema. Waɗannan zare ne masu taurin gaske da wuƙa, kwano da kwalba ba sa yanka su da sauƙi. Abin da masu sayarwa ba sa faɗa shi ne saƙa ce, kuma abu mai tsini yana bi ta tsakanin zare. Ƙugiya za ta shige, ƙayar kurungu mai zarto za ta shige, ƙusa ma haka. Don haka ko da Kevlar a hannu, ana lalube ne a hankali da tafi a buɗe, ana share gaba, ba a cusa yatsu cikin rami ko ƙarƙashin kututture. In ƙugiya ta kama safa, kada ka fizga. Ka tsaya cak, ka yanke igiyar da almakashi, a cire ƙugiyar a sama. Kafin a shiga ma, a gaida Sarkin Ruwa da masuntan wurin a tambaye su inda aka kafa koma da mamari. Sun san ƙasan ruwan fiye da kowace taswira.

Duba kan yatsun da kyau. Wasu kamfanoni suna rufe tafi su bar kan yatsa da gefen manuniya tsirara, alhali nan ne ke fara hujewa. Rufin ya kamata ya naɗo kan kowane yatsa har saman farce, ya kuma cika kwarin da ke tsakanin babban yatsa da manuniya, inda igiya ke bi.

Akwai wata hanya da masu nutson aiki a ruwan ɗumi suka daɗe suna bi: safar ma'aikata mai hana yanka, wadda aka shafe tafinta da robar naitiril, irin da ake samu wajen masu sayar da kayan kariya na gini. Ba ta da ɗumi ko kaɗan, amma tana da araha, in ta lalace a yar. A bayanta za ka ga alamar EN 388 da lambobi huɗu: na farko juriyar gogayya, na biyu yanka, na uku yagewa, na huɗu huji. A sababbi akwai harafi daga A zuwa F bayan lambobin, shi ma na yanka ne, F ya fi ƙarfi. Daga C zuwa sama ya dace. Da hunturu sai a sa ta a kan siririyar niyofirin, a ɗauki wadda ta fi girma da lamba ɗaya don kada ta matse yatsu. Safar 'yan kabu-kabu kuwa, ko da an rubuta niyofirin a jikinta, ɗinkinta a buɗe yake, ba ta kai mako a ruwa.

Ɗinki

Juya safar ciki waje ka duba. In ka ga faffaɗan ɗinki mai zare da yawa wanda ya fito ciki da waje iri ɗaya, allura ta huda robar gaba da baya ke nan, ruwa na bi ta kowane huji. Wannan ɗinki yana da ƙarfi da laushi, ba laifi a safar milimita 2. Daga milimita 3 zuwa sama nemi wadda aka fara haɗa bakunan da gam, sannan aka ɗinka da lanƙwasasshiyar allura mai shiga rabin kaurin robar ta fito ta gefen da ta shiga. A kwalin ana rubuta haruffa GBS. Ta waje za ka ga zare, ta ciki sai layin gam kawai, ko wani ɗinkin daban da bai haɗu da na wajen ba. Masu tsada ana ƙara shafa roba mai ruwa a kan layin. Ja kwarin yatsu biyu a hankali ka ɗaga wajen haske. In ka hango haske ta tsakanin gam ɗin, mayar da ita.

Kalmomin talla irin su rufin titaniyam ko niyofirin na farar ƙasa, kada su ɗauke maka hankali. Wasu suna da ɗan amfani, amma ba su kai awo da ɗinki muhimmanci ba. Safar masu wasan igiyar ruwa a kan allo kuma robarta mai laushi ce sosai, don saman ruwa aka yi ta. In ana kai ta zurfi kullum sai ta lotse ta ƙi dawowa.

Awo da gwaji

Kusan kowa a nan daga Legas ko daga waje yake oda, mayarwa kuma wahala ce, don haka a yi awo tun farko. Ɗauki tef ɗin tela. Zagaye tafin hannun da ka fi aiki da shi a daidai gindin yatsu huɗu, ban da babban yatsa. Sannan auna daga kan yatsan tsakiya zuwa layin farko na wuyan hannu. Zagayen da ya kai wajen santimita 20 yawanci M ne, wajen 23 kuma L, amma kowane kamfani da jadawalinsa, sai a duba nasa. In zagaye ya ce M tsawo ya ce L, bi tsawon, domin niyofirin na buɗewa a faɗi, amma gajeren gidan yatsa yana danne kan yatsa ya hana jini, ya kuma ɗaga kwarin yatsu ya hana hannu buɗewa. Mata da masu siririn hannu su nemi kamfanin da ke da XS ko yankan mata. Ƙaramar lambar maza kan yi faɗi.

In safa ta iso, jiƙa ta a bokiti, sa ta, ka zauna da ita minti 10. Kan yatsa ya taɓa ƙarshen gidansa ba tare da dannawa ba. Rarar da ta wuce milimita 2 ko 3 za ta riƙa lanƙwashewa tana shiga cikin maƙalli. Dunƙule hannu: kada roba ta taru a tafi. In ka ji bugun jini a yatsu, ko tsikari, ko ka cire ka ga farce ya yi fari, ta yi kaɗan, kuma matsattsiyar safa ta fi sakakkiya sanyi domin ta tare jinin da ke kawo ɗumin.

Daga nan sai gwajin da ya fi kowanne. Ɗauko kayan nutsonka, rufe ido, ka yi da safar duk abin da za ka yi a ƙasan ruwa: buɗe maƙalli ka rufe, danna maɓallin cika rigar daidaita tasowa da na sace ta, cire mesar iskarta ka mayar, zaro almakashi ka yanke igiya ka mayar da shi kube, kwance ɗamarar dalma, matse hanci ta cikin gilashin fuska, danna maɓallan kwamfuta, ɗaura ƙulli. Rufe idon ba wasa ba ne, haka ruwanmu yake. Abu ɗaya in ya gagara a tsakar gida, a ƙasan Rima ba zai yiwu ba. A rage kauri ko a sauya maƙallin da babba.

Bakin safa da rigar da ke jiƙa

Rigar niyofirin da ruwa ke ɗan shiga, wadda ake kira wetsut, ita ce ta yawancin masu nutso a nan. Inda hannun rigar ya haɗu da safa nan ruwa ke kwarara. Ya kamata su hau juna da aƙalla santimita 5, har in ka miƙa hannu sama fata ba ta bayyana.

Wanne ke sama? In hannun rigar matsattse ne marar zif, sa safa sannan ka jawo hannun rigar a kanta. Haka ruwa ba ya samun baki in kana iyo gaba. In safar doguwa ce mai faɗin baki da maɗaurin Velcro, irin ƙyallen nan mai ƙananan haƙora da ke manne wa juna, ita ke hawa kan rigar. Wasu riguna masu kauri suna da baki biyu, na ciki mai sulɓi da na waje mai zif: na cikin ya kwanta a fata, bakin safa a kansa, na wajen ya rufe duka. Wannan ya fi kowanne tare ruwa.

Velcro yana sauƙaƙa sanyawa, amma laka da gansakuka na cika haƙoransa ya daina kamawa, yana kuma cin rufin riga; a riƙa tsefe shi da tsohon buroshin haƙori. Zif a bayan safa yana barin ruwa sai in akwai ƙyallen roba a bayansa, kuma yashi na maƙale shi. Kada a ɗaure maɗauri tamau. Da yake roba na lotsewa a zurfi, madaurin kwamfuta ko agogo da ke kan safa zai saki ya juya. A sa masa igiyar roba mai miƙewa.

Busasshiyar riga

Rigar da ruwa ba ya shiga ko kaɗan, dirayisut, dokarta daban ce. A wuyan hannunta akwai matsewa ta robar letes, ko silikon, ko niyofirin mai sulɓi, wadda dole ta kwanta a kan tsurar fata. Safar niyofirin a kan matsewar take hawa, har abada ba ta shiga ƙarƙashinta. Ko zare ɗaya ya ratsa tsakanin matsewa da fata, ruwa zai bi shi har gwiwar hannu. A tura matsewar ta wuce ƙashin wuyan hannu da faɗin yatsa biyu, domin in ka dunƙule hannu jijiyoyin wurin na tasowa su buɗe wa ruwa hanya. Wajen jan safa a kula kada bakinta ya naɗe bakin matsewar. Safar da za a haɗa da wannan riga tana son dogon baki mai laushi, ba zif, domin haƙoran zif na yaga letes.

Mataki na gaba shi ne busasshiyar safa. Ana ɗaura kawanyar roba mai tauri ko ta ƙarfe a hannun riga, wata a bakin safar, su haɗu da zoben roba mai hana yoyo. Kamfanoni irin su Si Tech da Kubi na yin su. Safar kanta siririyar roba ce marar ɗumi. Ɗumin na safar ciki ne, ta ulu ko ta zaren haɗi. Auduga ba ta yi, tana shan gumi ta yi sanyi.

Matsalar farko ita ce matsi. Iskar da ke cikin safar a kulle take, kana sauka tana matsewa, kafin mita 10 safar ta manne wa yatsu, safar cikin ta lotse, ɗumi ya tafi. Maganinsa a bar 'yar hanya tsakanin riga da safa: siririn bututun roba ko guntun igiya mai tsawon yatsa a ƙarƙashin matsewar. Nan kaɗai aka yarda wani abu ya ratsa ta, domin safar ta rufe wajen. In ka ɗaga hannu sama iska daga riga sai ta hau cikin safa. Hasararsa ita ce in safar ta huje ruwa zai bi ta hanyar ya shiga riga, don haka a bar bakin igiyar inda za a iya zare ta. Masu yanke matsewar gaba ɗaya don iska ta yi yawo, duk ranar da ƙaya ta soki safa rigar ce za ta cika. A ruwa mai ƙugiya irin namu ba mu ba da wannan shawara, gara ma a ɗora safar hana yanka a kan busasshiyar, a kuma riƙe safar niyofirin ta ko-ta-kwana a aljihu.

Matsala ta biyu zoben roba ne. Ƙwayar yashi ɗaya, gashi ɗaya, ko zaren safar ciki da ya leƙo, ya isa ya kawo yoyo. Da hunturu ƙura ba ta barin komai, sai a goge zoben da tsumma mai tsabta dab da haɗawa, a shafa ɗan man da kamfanin ya ce, sannan a tsoma hannu biyu a bokiti a motsa yatsu kafin a shiga. Kuma a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, mutum a cikin wannan riga zai iya suma a bakin ruwa. A gama shirya komai a inuwa, a rufe zif a ƙarshe, a shiga nan take.

Mai tambaya zai ce me ya kai busasshiyar riga ƙasar zafi? Ƙazantar ruwa. Safar niyofirin ruwa na shiga cikinta, don haka ba ta tare ƙwayar cuta. Tsargiya tana nan a madatsun ruwa da fadamun wannan yanki. Tsutsarta na fita daga jikin dodon koɗi ta huda lafiyayyar fata, ba ta buƙatar rauni. Mai nutso a dam a kai a kai ya riƙa zuwa gwajin fitsari da bahaya, musamman in ya ga jini a fitsari. Maganinta praziquantel ne, likita ke auna shi bisa nauyin jiki. Ya kuma tabbata allurarsa ta tetanos ba ta wuce shekara 10 ba. Aikin ciro gawa ko shiga ruwan da masai ke zuba, busasshiyar riga da busasshiyar safa da gilashi mai rufe fuska duka ne kayansa.

Sanyawa

A cire zobe, ko na azurfa ne, a yanke farce. Safa ita ce ta ƙarshe, bayan gilashi da hula da duk maƙallai. Jiƙa hannu da safar, ko ka ɗiga ɗan shamfu na jarirai da aka sirka da ruwa. Man shafawa, basilin da man gyaɗa suna lalata roba, letes musamman; ita hoda marar ƙamshi ake sa mata. Naɗe bakin safar baya, zura yatsu, ka tura kowane kwari ya zauna, sannan ka warware bakin. Jan baki da ƙarfi da farce shi ne ke yaga yawancin safuna. Ta biyu kan yi wuya tunda ɗayan hannun ya riga ya rufu, sai abokin nutso ya buɗa maka bakin da yatsunsa.

Wanda hannunsa ke yin ƙuraje da ƙaiƙayi kwana ɗaya ko biyu bayan kowane nutso, mai yiwuwa jikinsa ba ya shiri da sinadaran da ake dafa robar ko gam ɗin da su. Wanke sabuwar safa sau da yawa da sa siririyar safar nailan a ciki kan rage, in bai bari ba a ga likitan fata.

Ga masu zuwa Bahar Maliya ta Jidda ko Masar don shaƙatawa, a tambayi masu jirgin tukuna. A wuraren murjani da dama na Masar an hana sa safa, don mai safa ya fi saurin kai hannu ya taɓa. Tsibirin Bonaire da ke tekun Karebiyan ma haka dokarsa take.

Wanki, ajiya da gyara

Bayan kowane nutso a wanke da ruwan famfo ko na rijiya, ciki da waje. Ruwan dam ɗin da aka fito daga ciki ba ya wanki, sai in ya kwana biyu a rufe, lokacin tsutsar tsargiya ta mutu. Ban da ruwan zafi, ban da sabulun gari, ban da bilic. A juya ciki waje a shanya a inuwa, in cikin ya bushe a mayar daidai. Ranar Sakkwato ita ce babbar abokiyar gabar niyofirin: safar da ake shanyawa a kan kwano ko ake bari a but ɗin mota sai ta ƙandare ta fara tsagewa. A ajiye ta a shimfiɗe, ba a ninke ba kuma ba a ƙarƙashin dalma ba, domin inda ta karye kumfan wurin sun mutu ke nan. A nisanta ta da fetur, gas da janareta. Safar gwanjo ko wadda ta daɗe a shago, matse ta da yatsu biyu ka saki. In gurbin bai cike nan take ba, ta gama yayi.

Kan yatsun sabuwar safa ana iya shafa musu siririn gam na yuretan irin Aquaseal tun kafin su huje. Yana ɗaukar awa 8 zuwa 12 kafin ya bushe, a cusa leda cikin yatsun don kada su manne. In kuwa yagewa ce, gam ɗin niyofirin ake nema, baƙi mai kama da na masu gyaran takalma. A wanke wurin ya bushe sarai, a buɗa yagewar, a shafa siriri a bakuna biyu, a jira minti 5, a ƙara shafi na biyu, a jira wajen minti 10 har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa baki da baki a matse. A bar shi ya kwana. Gam mai bushewa nan take yana ƙandarewa ya karye ya ƙara yaga wurin. In za a kai wa baduku ya ƙarfafa da zare, a ce masa ya yi da zaren nailan, allurar ta kama rufin ƙyallen da rabin robar kawai, kada ta fita ta ɗaya gefen.